Kwanciya Kaɗai Ba Ta Mayar Da Ƙarfin Mai Ciwon Daji

Al'ada ce sananniya a ƙasar Hausa, idan aka sallamo majinyaci daga asibiti, sai a shimfiɗa masa tabarma a ɗaki, a hana shi ko da ɗaukar buta. 'Yan uwa suna yin haka ne saboda tausayi, kuma babu mai zarginsu. Amma game da wanda ya gama jinyar ciwon daji, ko an yi masa tiyata, ko ya sha maganin kimo, ko an gasa wurin da hasken na'ura, wannan tausayi yakan zama cuta a gare shi.

Dalili kuwa shi ne, babban abin da ke damun irin waɗannan mutane bayan jinya shi ne wata irin kasala wadda barci ba ya kawar da ita. In mutum ya daɗe a kwance, naman jikinsa yakan saki, zuciya da huhu su yi rauni, sai kasalar ta ƙaru. Ta ƙaru kuma, sai ya ƙara kwanciya. Haka abin zai yi ta zagayawa har ma'aikaci ya kasa komawa ofis, ɗalibi ya kasa komawa aji.

Shekarun baya likitoci ma da kansu sukan umarci majinyaci ya huta kawai. Bincike ya sauya wannan ra'ayi. A shekarar 2010 masana motsa jiki na Amurka suka ba da shawarar cewa wanda ya yi ciwon daji ya guji zaman banza gwargwadon ikonsa. Sa'an nan a shekarar 2025 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da masana na ƙasar Kanada suka jagoranta kan mutum 889 da suka gama jinyar dajin hanji. An sa rabinsu a tsarin motsa jiki na shekara uku, yawancinsu tafiyar ƙafa da ɗan sauri suka zaɓa. Bayan shekara takwas, kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan suna raye, a ɗaya rukunin kuwa kashi 83 ne. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Ba a ce mai murmurewa ya shiga tseren gudu ba. Ya fara da minti biyar ko goma a tsakar gida, bayan kwanaki ya kai masallacin unguwa, daga nan ya ƙara nisa, da safe ko da yamma in rana ta yi sanyi. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so ga baligi shi ne minti 150 a mako, amma babu laifi in an ɗauki watanni kafin a kai can. Matar da aka yi wa aikin mama kuwa, miƙe hannu a hankali yana hana kafaɗa sandarewa.

Sai dai a yi hattara. Mai zazzaɓi, ko jiri, ko ƙarancin jini mai tsanani, ko wanda ciwon ya taɓa ƙashinsa, wajibi ne ya nemi izinin likita tukuna. Motsa jiki kuma ba ya maye gurbin magani.

Saboda haka ya kamata manyan asibitocin koyarwa, irin na Shika da na Sakkwato, su riƙa haɗa kowane majinyaci da ma'aikatan gashin ƙashi kafin sallama. Shugabannin ma'aikatu su sassauta wa wanda ya dawo aiki. Iyali kuma, maimakon su hana majinyaci tashi, su ba shi ɗan rakiya su taka tare.