An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Sofi, Taubashinta da Mai Ba da Bashi

Shekara saba'in da 'yan kai ke nan da fitowar The Grand Sophy, littafin soyayya da barkwanci da Baturiyar Ingila Georgette Heyer ta wallafa a 1950, amma har gobe masu karatunsa ba su daina cacar baki a kansa ba. Mun bi muhawarar tasu, mun ga abin da ya fi ɗaga wa da yawansu hankali, mun kuma ga abin da suke tsallakewa da sauri kamar wanda ya taka garwashi. Abin da muka gani bai yi mana daɗi ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Ga wanda bai karanta ba, labarin a Landan yake, wajen 1816, bayan an gama yaƙin Napoleon. Wani jami'in diflomasiyya, Sir Horace, zai tafi Barazil, sai ya kawo 'yarsa Sofi gidan 'yar'uwarsa, Lady Ombersley, da roƙon a samo mata miji. Gwaggon ta zaci wata salihar yarinya ce mai sunkuyar da kai. Sai ga zanƙaleliyar budurwa 'yar shekara ashirin ta sauko daga keken doki da biri, da aku, da kare, ga nata dokin, ga nata kuɗin, ga ƙaramar bindiga da ta iya harbawa. Gidan da ta sauka kuwa a hargitse yake. Maigidan ya cinye dukiyarsa a caca. Babban ɗa, Charles, shi ya gaji kuɗi daga wani dangi, ya biya bashin uba, ya zama shi ke juya gidan da ɗaure fuska, ya kuma yi baiko da Eugenia, wata mai wa'azin da ba a tambaye ta ba. Ƙanwarsa Cecilia ta ƙi mutumin kirkin da aka zaɓa mata, saboda bawan Allah ya kamu da hangum daidai lokacin da ya kamata ya zo zance, ta liƙe wa wani kyakkyawan mawaƙi da ba ya ma tuna inda yake. Sofi ta duba ta ga aiki ya same ta. Kafin littafin ya ƙare ta warware baikon nan, ta ɗaura wancan, ta harbi wani a hannu don a tausaya masa, 'yan agwagwa suna ta yawo a ƙafafun mutane, ita kuma ta tafi da Charles.

Wannan tafiya da Charles ita ce ta tsaya wa ɗimbin masu karatu na yau a maƙogwaro, musamman 'yan Amurka. Wai ta yaya mace za ta auri ɗan gwaggonta? Wasu sun ce sun sha dariya har zuwa tsakiyar littafin, da suka gane inda aka dosa sai suka ji tashin zuciya. Wasu sun rage masa daraja saboda wannan kaɗai.

To, a nan mu Hausawa ba ma buƙatar tafinta. Charles ɗan mace ne, Sofi 'yar namiji ce. Taubasai ne. Duk tsokanar da ta yi ta yi masa, daga ɗauke masa keken doki ba da izininsa ba har zuwa mayar masa da magana a gaban ƙannensa, mun san ta a gidajenmu, mun san har da kuɗin shara da ake bi a watan cika-ciki. Mun kuma san inda irin wannan wasa yake ƙarewa sau da yawa: tuwona maina. Heyer ba ta san kalmar taubashi ba, amma abin da ta rubuta ke nan, kuma shi ya sa Bahaushen da ya karanta littafin yake hango ƙarshensa tun daga faɗan farko.

Ba ma sai an zo ƙasar Hausa ba. A Ingilar wancan ƙarni auren zumunci ba abin ɗaga gira ba ne. Sarauniya Victoria ɗan kawunta Albert ta aura a 1840. Charles Darwin 'yar kawunsa Emma Wedgwood ya aura a 1839. Jane Austen, wadda ta rayu a zamanin da labarin Sofi yake kwaikwayo, ta rufe littafinta Mansfield Park na 1814 da auren Fanny da ɗan 'yar'uwar mahaifiyarta. Dalilin a fili yake. A lokacin, macen da ta yi aure dukiyarta ta koma hannun miji, sai da dokokin 1870 da 1882 suka zo aka fara gyara wannan. Iyalin da ke da gona da gida sun fi son su bar su cikin dangi. Amurka ce ta ɗauki wata hanya daban daga tsakiyar ƙarni na 19, jihohi suka riƙa haramta irin wannan aure ɗaya bayan ɗaya, har ya zama abin ƙyama a idon jama'arsu. Wanda ya sayi littafin tarihi ya kuma ji haushin ya tarar da tarihi a ciki, me yake nema? Yana son rigunan da, da kekunan doki, da raye-rayen fada, amma mutanen da ke cikin rigunan su kasance maƙwabtansa na yau. Muna sane da batun lafiya, mu da sikila ta koya mana gwajin jini kafin ɗaurin aure. Wannan magana ce ta asibiti da iyaye, ba hujjar yanke wa littafi hukunci ba ce.

Jakin yana wani babi can a tsakiya. Hubert, ƙanen Charles, ɗalibi ne da bai kai shekarun cin bashi a doka ba. Ya ci bashin fam 500 wurin wani mai ba da kuɗi da ruwa, ya jinginar da zobe, ya sa hannu a takarda. Sofi ta sayar da 'yan kunnenta na daimon, ta tafi lungun mutumin ita kaɗai, da ya nemi ya yi mata barazana ta zaro bindiga, ta karɓo zobe da takarda. An gina wurin don mai karatu ya yi tafi, kuma da a nan aka tsaya da mun tafa. Mai cin riba da ke farautar yara ba shi da mai kare shi a cikinmu. Amma Heyer ta sa masa suna Goldhanger, ta mai da shi Bayahude, ta bi jikinsa tana zanawa: maiƙon gashi, ƙazanta, siffar hanci, kwaɗayi. Ta kuma nuna cewa halin nasa daga jininsa ya fito. Ba mugun mutum ɗaya aka ce mu yi wa dariya ba. Al'umma guda aka ɗauko aka cusa cikin riga ɗaya.

Da an tayar da wannan magana sai masoya littafin su ce a yi haƙuri, zamaninta ne. Wannan amsa ce muka zo mu ƙi.

Wane zamanin? Idan 1816 ake nufi, Heyer ba ta rayu a 1816 ba. An haife ta a 1902, ta rasu a 1974. Da a bakin wani ɗan wasa na cikin labarin ta sa ƙiyayyar, da sai mu ce ta nuna mana halin mutanen da ne. Amma muryar mai ba da labari ce take siffanta Goldhanger, wato muryarta. Idan kuma 1950 ake nufi, to a duba abin da ya gabaci 1950. A watan Afrilun 1945 sojojin Birtaniya, 'yan ƙasarta, su suka buɗe sansanin Bergen-Belsen, hotunan gawarwakin suka zaga gidajen silima na Ingila. An yi shari'ar Nuremberg daga 1945 zuwa 1946. Duniya ta ji cewa an hallaka Yahudawa kusan miliyan 6, kuma irin wannan zane na mai maiƙon gashi da kwaɗayin kuɗi shi jaridun 'yan Nazi suka yi shekaru suna bugawa kafin a fara loda mutane a jiragen ƙasa. A 1948 aka fito da fim ɗin Oliver Twist na David Lean, inda aka yi wa Fagin ƙaton hanci. Da aka kai shi Berlin a 1949 sai da aka yi zanga-zanga, a Amurka kuma bai fita ba sai 1951 bayan an yanke wasu wurare. Duk wannan ana yi ne a shekarun da Heyer take zaune tana rubutu. Matar da aka san ta da tara littattafan bincike da cika kundaye da sunayen huluna da kalaman 'yan dambe na shekara ɗari da hamsin baya, ba za a ce mana labarin shekara biyar baya ya wuce ta ba.

Akwai ma wanda ya riga ta da nisa. Charles Dickens, mai Fagin ɗin kansa, ya sami wasiƙa a 1863 daga wata mai karatu Bayahudiya, Eliza Davis, tana ce masa ya zalunci mutanenta. Da farko ya kare kansa. Daga baya ya saka wani Bayahude mutumin kirki, Riah, a littafinsa Our Mutual Friend, ya kuma bi Oliver Twist ya rage yawan wuraren da yake kiran Fagin da sunan ƙabilarsa. Shekara tamanin da wani abu ke nan kafin The Grand Sophy. Ra'ayin mai karatu ɗaya ya yi wannan aiki, domin ta san abin da ya kamata ta yi fushi a kai.

Wani zai ce ai barkwanci ne, mu ma muna yi. Muna yi ƙwarai. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, kowa ya san abin da suke faɗa wa juna, wani lokaci har kunne ya ƙi ɗauka. Amma wasan yana da ƙa'ida: wanda ka tsokana yana da bakin ramawa, gobe shi ne a kanka, kuma ranar da wuta ta kama gidanka shi zai fara ɗauko bokiti. Abin da ke tsakanin Sofi da Charles ke nan, shi ya sa dariyarsu take da daɗi. Goldhanger ba shi da bakin ramawa. Babu wani Bayahude a littafin da zai fito ya mayar da martani. Littafin bai kuma ce uffan ba a kan yadda aka yi ƙarnoni a Turai ana hana Yahudawa mallakar gona da shiga ƙungiyoyin sana'a, coci ta hana Kiristoci ba da bashi da ruwa, aka tura wasunsu cikin sana'ar, sannan aka dawo ana zaginsu da ita. Ingila ma korarsu ta yi gaba ɗaya a 1290, ba su dawo a fili ba sai wajen 1656. Tsokanar da mai ƙarfi yake yi wa wanda aka rufe wa baki, mu ba wasa muke kiranta ba, cin zali muke cewa.

Mun san akwai mai karatunmu da zai ce, da abin da ake yi wa Falasɗinawa, mu ne za mu tsaya kare Bayahude? Zaluncin da gwamnati ta yi da jiragen yaƙi a tuhumi gwamnatin da shi. Bai mayar da ƙarya gaskiya a littafin 1950 ba. Kuma duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin da aka nuna Musulmi ba shi da aiki sai ɗaura bam, ko ya ji an kira kowane ɗan Arewa da suna ɗaya a kasuwar Kudu ana dariya, ya san ɗanɗanon wannan miya. Ba sai an ba shi labari ba.

Ba muna cewa a jefar da littafin ba ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Heyer ce ta kafa wannan salo na soyayyar zamanin Regency tun daga Regency Buck a 1935, kuma duk masu rubuta irinsa a yau, har da Julia Quinn mai Bridgerton, a inuwarta suke zaune. Ta iya saƙa magana, ta iya tara mutum goma a ɗaki ɗaya kowa da shirmensa ba tare da zaren ya kuɓuce mata ba. Wurin da Sofi ta zauna jinyar ƙaramar yarinyar gidan mai zazzaɓi, Charles ya tsaya yana kallonta ya rasa abin faɗa, ya fi shafi ɗari na kalaman soyayya. Daidai saboda ta iya ɗin ne babin Goldhanger yake da haɗari. Rubutun banza ba ya shigar da komai zuciya. Mai daɗi shi ne yake wucewa da guba ba a ji ba.

Shi ya sa kuma ba mu gamsu da maganin da aka kawo ba. A 2023 kamfanin ɗab'i na Sourcebooks a Amurka, da izinin magadan marubuciyar, ya fito da sabon bugu da aka goge alamun Yahudanci daga jikin mai ba da bashin. Wasu masu karatu sun yi murna, wai yanzu za su iya miƙa wa 'ya'yansu littafin hankali kwance. Dickens da hannunsa ya gyara nasa, yana raye, bayan an faɗa masa gaskiya ya ji. Wannan kuwa wasu ne suka wanke wa Heyer hannu shekara 49 bayan rasuwarta. Wanda aka yi wa rauni bai sami komai ba, sunan marubuciyar ne ya sami sabulu. Yarinyar da za ta karanta sabon bugun za ta tashi da sanin Heyer mai ban dariya kawai, ba za ta ga yadda gwanar marubuciya take iya zama a Ingila, shekara biyar bayan Belsen, ta rubuta wancan shafi, editanta ya wuce shi, dubban mutane su saya su yi dariya ba. Mu da za a bi tamu, a bar babin yadda ta rubuta shi, a sa bayani na shafi biyu a gaba da ke faɗin abin da ke ciki da shekarar da aka rubuta shi. Auren Sofi da Charles kuwa, wanda aka fi yi wa ihu, yana nan daram a kowane bugu, ba wanda ya taɓa shi.