A Ba Ƙananan Mawaƙa Fili a Makon Ɗalibai

'Yan uwana ɗalibai, kowace shekara labarin ɗaya ne. Da makon ɗalibai ya matso, kwamitin shagali zai kwashi kaso mai tsoka daga kuɗin ƙungiya da muka biya, a gayyato wani fitaccen mawaƙi. Zai iso a makare, a kunna masa waƙarsa yana bin ta da baki, ya yi minti ashirin ya shige mota. Mu kuma mu watse da hoton waya. Ni dai a ganina lokaci ya yi da za a ware wani ɓangare na wannan dare a yi gasa ta gaskiya ga mawaƙan da ba su da kamfani, ba su da ubangida.

Abin da ya sa maganar ta dame ni shi ne wani ɗan ƙanen mahaifina a can gida Shanono. Da damina yana gona, da rani yana ɗinki, amma in ya buɗe murya sai ka tsaya. Bara ya sayar da buhun gyaɗa ya shigo Kano, ya buga waƙa ɗaya a wani situdiyo a Zoo Road, ya sayi fom na wata gasa da aka ce wanda ya ci zai hau dandamali ranar bikin Sallah. Ashe alƙalan gasar su ne mabiya Facebook da TikTok: wanda bidiyonsa ya fi samun masu so shi ne zakara. Yaron da abokansa sai sun kai waya wurin mai caji, data kuma sai an yi lissafi, ina zai kama ƙafar ɗan birni mai mabiya dubbai? Ko saurarensa ba a yi ba. Ya koma gida ba gyaɗa, ba fili.

Da can ba haka ƙauye yake ba. Manyanmu suna ba mu labarin kalankuwa, wasan da samari da 'yan mata ke shiryawa bayan an kau da amfanin gona, makaɗa su zo daga garuruwa, kowa ya gwada basirarsa a gaban jama'a. A irin wannan dandali Mamman Shata ya fara tun yana saurayi a Musawa, kafin rediyo ta san da shi. Ba wanda ya tambaye shi kuɗin fom. Yau dandalin ya mutu a yawancin garuruwanmu, hanyar da ta rage wa yaro mai murya guda biyu ce: ko ya raɓi wani jarumin Kannywood, ko ya jira kakar zaɓe ya wasa ɗan siyasa. Daga nan kuma mu dawo muna ƙorafin wai mawaƙan yanzu ba su iya komai ba sai soyayya da bambaɗanci. To wa ya buɗe musu wata ƙofa?

A wasu wurare an gane wannan. Bikin Glastonbury na Ingila, wanda yana cikin manyan bukukuwan kiɗa na duniya, ya daɗe yana shirya gasa ga sababbin mawaƙa. Shiga kyauta ne. Za ka tura waƙarka ta ƙashin kanka da bidiyon da kake rerawa kai tsaye, masana su saurara su tace, takwas na ƙarshe su kara a gaban alƙalai, zakara ya samu fili a bikin da kyautar fam 5,000. Declan McKenna ya ci ta a 2015 yana ɗan shekara 16. Kusa da mu ma, maƙwabtanmu na Nijar suna da gasar Ɗan Gurmu da aka san ta da garin Tawa, wadda ta fito da mawaƙa da dama a ƙasar. Mu a Kano, da duk yawan situdiyoyinmu, me zai hana makaranta ɗaya ta fara?

Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce a yi abin da tsari. Kada a sayar da fom. A karɓi waƙa ko da da waya aka ɗauke ta, don muryar ake nema, ba tsadar situdiyo ba. Kada a ƙirga masu so a intanet, a samo alƙalai daga malamanmu da tsofaffin makaɗa, a bayyana sunayensu tun farko don kada ɗan ajin wani ko saurayin wata ya bi ta bayan gida. Wanda ya kai zagayen ƙarshe ya rera da bakinsa, in da kalangu ko kuntigi ko gurmi zai zo, bismilla. Sannan a buɗe ƙofa ga matasan ƙananan hukumomi irin su Shanono, Bagwai da Gwarzo, a biya wa waɗanda aka zaɓa kuɗin mota.

Na san wasu za su ce wannan buɗe ƙofar shashanci ne. Damuwarsu tana kan hanya, kuma a jihar da Hukumar Tace Fina-finai ke sa ido kan mawaƙa, ba wanda zai so a jawo wa makaranta magana. Amma ai gasa ce ta fi sauƙin tsarewa: a karanta baitoci kafin a hau, ba batsa, ba zagi, ba habaicin siyasa, a tashi kafin dare ya yi. Baƙon da muke biya maƙudan kuɗi, wa ya taɓa duba abin da zai faɗa?

Ni na kusa tattara kayana, wataƙila ba zan ga wannan gasa ba. Amma ku 'yan ajin farko kuɗinku ne za a ci gaba da kashewa. Idan aka kira taron ƙungiya na gaba, wani ya miƙe ya yi tambaya ɗaya: nawa aka ware wa baƙon mawaƙi, nawa aka ware wa namu? Ɗan uwana kuwa ya sake shuka gyaɗa, kuma ya ce min ya rubuta sabuwar waƙa.