Tallafin Man Fetur: A Fara Daidaita Mudu Kafin A Yi Gardama

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya shelanta cewa tallafin man fetur ya ƙare, babu majalisar da ba a ja maganar ba. Litar da ake saya kusan naira 185 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta kai naira 1,000 a garuruwa da dama. Wasu na ganin cirewar ita ce daidai, wasu na ganin zalunci ce. Sai dai akwai tambayar da ta riga wannan: mene ne tallafin shi kansa, kuma da wane mudu aka auna shi? Malamai suna da ƙa'ida cewa hukunta abu yana biyo bayan sanin haƙiƙaninsa. Ra'ayina shi ne, muddin ba a daidaita mudun ba, kowace gwamnati za ta iya cewa ta cire tallafi ko ta ce ba ta biyansa, kuma talaka ba shi da abin da zai kama ta da shi.

A duniya ma ba a haɗu kan ma'ana ɗaya ba. Akwai mudu uku da suka fi shahara.

Na farko shi ne na Hukumar Makamashi ta Duniya, wato IEA. Ana duba abin da lita za ta kai a kasuwar duniya, a haɗa da kuɗin dako da rarrabawa da harajin saye, sannan a cire abin da mai saye ya biya a gidan mai. Ratar da ta rage, idan aka ninka ta da yawan litocin da aka sha, ita ce tallafi. Da wannan mudu hukumar ta ce tallafin da masu amfani da fetur da gas da kwal da lantarkin da ake samarwa daga gare su suka samu a 2022 ya haura dala tiriliyan 1.

Na biyu shi ne na ƙungiyar OECD, wadda ke bin littattafan gwamnati layi bayan layi: nawa aka fitar daga baitulmali, nawa aka yafe na haraji. Wannan mudu ne ke tona tallafin da ƙasashe masu arziki ke bai wa kamfanonin haƙar mai ta hanyar sassaucin haraji, abin da mudun farko ba ya gani, domin ba ya fitowa a farashin gidan mai.

Na uku shi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF. A rahotonsa na 2023 ya ce tallafin 2022 ya kai dala tiriliyan 7, kimanin kashi 7 cikin 100 na arzikin da duniya ta samar a shekarar. Amma tiriliyan 1.3 ne kawai na sayar da makamashi ƙasa da kuɗinsa. Sauran ƙiyasi ne na ɓarnar da mai ƙona man bai biya ba: cututtukan da hayaƙi ke jawowa, ɗumamar yanayi, cunkoso da haɗurran hanya, da harajin da ba a karɓa ba.

Mai karatu ya lura: shekara ɗaya ce, amma wani ya ce tiriliyan 1, wani ya ce 7, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Mudun ne ya bambanta. Shi ya sa da ƙasashen G20 suka yi alkawari a Pittsburgh a 2009 cewa za su janye tallafin da suka kira marar amfani, ba tare da sun fayyace ma'anar marar amfanin ba, sai kowace ƙasa ta auna kanta da nata mudu, har wasu suka ce su ba su da shi sam.

A Najeriya mudun farko aka yi aiki da shi, kuma lissafinsa ya tsaya a kan ƙafa uku: kuɗin shigo da lita, farashin dala, da yawan litocin da aka sha. Mu ɗauki misali don fahimta. A ce lita ta iso ƙasa a kan naira 500, ana sayar da ita 185. Rata ta zama 315. Idan ana shan lita miliyan 60 a rana, tallafin yini ya kusa naira biliyan 19. To idan wani ya ƙara lita miliyan 10 a takarda kawai, ya ɗora wa al'umma fiye da naira biliyan 3 kullum, fiye da tiriliyan 1 a shekara, alhali ko ɗigon mai bai shiga tankin kowa ba.

Wannan ba zato ba ne. Bayan zanga-zangar Janairun 2012, lokacin da aka ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141 kafin a mayar da ita 97, kwamitin Majalisar Wakilai ya gano cewa an ware naira biliyan 245 don tallafi a kasafin 2011, amma abin da aka fitar ya haura tiriliyan 2.5, kuma ana biyan kuɗin lita miliyan 59 a rana alhali abin da ake sha bai wuce kimanin miliyan 35 ba. Bayan shekara goma, a 2022, shugaban hukumar kwastam na lokacin, Hameed Ali, ya tambaya a gaban 'yan majalisa: ta yaya za a ce ana shan lita miliyan 60 a rana amma ana fitar da miliyan 98 daga rumbuna? Bayan cire tallafin, alƙaluman hukuma suka sauko daga sama da miliyan 60 zuwa ƙasa da miliyan 50. Wani ɓangare na ragowar tsada ce ta jawo shi, wani kuma man da ke tsallaka iyaka ne zuwa Nijar da Benin da Kamaru, wanda duk mazaunin Jibiya ko Illela ya san hanyarsa.

Ƙafar dala ma haka take. A ƙarshen 2022 dala a hukumance ba ta kai naira 500 ba, a kasuwar bayan fage kuwa ta haura 700. Wanda ya yi lissafin tallafi da farashin hukuma zai samu adadi, wanda ya yi da na kasuwa zai samu wani mai girma sosai.

Sai kuma batun suna. Bayan ƙarin farashi na Mayun 2016 zuwa naira 145, aka ce tallafi ya ƙare. Da kamfanin NNPC ya zama shi kaɗai ke shigo da fetur, sai aka sa wa ratar sunan rashin mayar da uwar kuɗi, yana cire ta daga kuɗin ɗanyen mai tun kafin su isa asusun da tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ke rabawa. A 2022 wannan cirewa ta kai kusan naira tiriliyan 4.4. A 2024 ma, bayan faɗuwar darajar naira, IMF ta ce tallafi ya dawo a ɓoye, gwamnati ta musa, kamfanin ya kira abin giɓi. Malaman fiƙihu sun daɗe da raba wannan gardama: a mu'amala ma'ana ake dubawa, sauya suna ba ya sauya hukunci.

Akwai hujjar da ta cancanci a saurara. Ƙungiyar OPEC ta daɗe tana cewa ƙasar da ke haƙar mai, idan ta sayar wa 'ya'yanta sama da kuɗin haƙowa, bai kamata a kira wannan tallafi ba, ko da ya gaza farashin duniya. Da yawa daga cikinmu haka muke ji a zuci: man namu ne. Amma a mashhurin mazhabar Malikiyya, ma'adinai suna ƙarƙashin kulawar shugaba ne domin maslahar jama'a baki ɗaya. Gangar da aka sayar da rahusa dukiyar kowa ce aka rage wa daraja, har da ta tsohuwar ƙauye da ba ta da ko babur, yayin da mai motoci biyar da babban janareta ya fi kowa cin moriya. Shugaba na iya ganin maslaha a rahusar, kuma ba na cewa haramun ce. Ibnu Taimiyya a littafinsa na Hisba ya halatta ƙayyade farashi idan buƙatar jama'a ta tilasta, amma ya ɗaure shi da farashin kwatankwaci, wato ma'aunin da kowa ya sani. Abin da ba shi da mafita shi ne a kashe dukiyar jama'a ba a rubuce ba. Sayyidina Umar ya kafa diwani don a san wa ya karɓa da nawa ya karɓa, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi da ya dawo daga karɓar zakka.

Mudun IMF kuwa yana da amfani, domin yana tunatar da mu cewa hayaƙin janareta da ke sa yara tari cuta ce da wani ke ɗauka, kuma shari'a ta hana cutarwa. Amma ƙiyasi ne. Ba kuɗi ba ne a ajiye da za a ce an kwashe, don haka kuskure ne ɗan jarida ko mai wa'azi ya ambaci tiriliyan 7 kamar ana iya gina asibitoci da su gobe.

Saboda haka abin da ya kamata mu nema daga wakilanmu a bayyane yake. A riƙa wallafa yawan litocin da suka fita daga kowace matata da rumbu duk wata, wata hukuma ta daban ta tantance. A bayyana farashin da aka auna da shi da farashin dalar da aka yi lissafi. Duk wata rata da gwamnati ta ɗauka, kowane suna aka sa mata, ta shiga kasafin kuɗi majalisa ta gani. Kuma tunda an ce an daina kashe tiriliyoyi, jihohi da ƙananan hukumomi da kasonsu ya ƙaru su nuna inda ƙarin ya shiga.

Ɗalibai da iyaye kuma, duk wanda ya kawo muku adadi ku tambaye shi da wane mudu ya auna. Allah Ya saukar da sura guda Ya sa mata sunan masu tauye awo, kuma Ya halaka mutanen Madyana da suka ƙi jin kiran Annabi Shu'aibu kan wannan laifi. Idan ana tuhumar mai hatsi a kasuwar Dawanau kan ƙoƙo ɗaya na gero, wanda ke auna wa mutum fiye da miliyan 200 ya fi cancantar a duba mudunsa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya sauƙaƙa wa talakawa halin da suke ciki, amin.