Ga Masu Cewa Wasan Banza Ne

Akwai wani ɗan akwati na roba mai fuska shida, kowace fuska da launinta, wanda a ke murɗawa launukan su cakuɗe, sa'an nan a yi ta juya shi har kowane launi ya koma gidansa. Sunansa Rubik's Cube, domin wanda ya ƙaga shi cikin 1974, Erno Rubik ne, malamin zanen gine-gine a birnin Budapest na ƙasar Hangari. Shi kansa sai da ya yi wajen wata guda yana fama kafin ya mayar da shi daidai. To, wannan abu ya shiga hannun yara da samari ko'ina a duniya, kuma ba su tsaya ga warware shi kawai ba, sauri su ke nema. A nan ne waɗansu manya su ke ɗaure fuska, su ce shashanci ne, abin da aka warware sau ɗaya me ya rage a cikinsa? Waɗansu har su ƙwace shi daga hannun yaro, alhali kuwa su da kansu sun wuni gindin bishiya suna dara. Da su na ke magana.

Da farko a kawar da zancen sa'a, gama akwai masu haɗa shi da caca. Ƙwayoyin da a ke gani a jikinsa 26 ne: shida na tsakiya waɗanda ba su barin mazauninsu, 12 na gefe masu launi biyu, takwas na kusurwa masu launi uku. Masana lissafi sun ƙidaya yawan hanyoyin da za su iya cakuɗewa, suka sami fiye da 43,000,000,000,000,000,000. Watau in mutum zai duba ɗaya kowane sakan, ba barci ba cin abinci, shekara biliyan dubu ba za ta ishe shi ba. Ina sa'a a nan? Wanda ya juya da ka, zai tsufa yana juyawa. Wanda ka ga ya gama, da sani ya gama.

Sa'an nan zancen wai da an iya sau ɗaya shi ke nan. Kai mai karatu, ka tuna lokacin da ka ke bin baƙi da wasali ɗaya ɗaya da yatsa, kafin ka kai ƙarshen layi ka manta farkonsa. A ranar nan ma ka iya karatu, ba wanda zai ce ƙarya ne. Amma da kai da mai ɗaga takarda ya karanta wa jama'a ba gargada, ai ba ɗaya ba ne. Haka abin ya ke a nan. Sabon shiga yakan gyara hawa na ƙasa, sa'an nan na tsakiya, sa'an nan na sama, da 'yan jerin juyi kaɗan da ya haddace, ya gama cikin minti biyu ko uku. Mai son sauri kuwa sai ya sake makaranta. Hanyar da yawancinsu su ke bi ana danganta ta ga Jessica Fridrich, wadda daga baya ta zama shaihiyar malama a wata jami'a a Amurka. A wannan hanya akan kafa ƙwayoyi huɗu na gefe a ƙasa, a cika hawa biyu tare, sa'an nan a gama na sama da mataki biyu. Waɗannan mataki biyu na ƙarshe su kaɗai suna da jerin juyi 78, na farko 57, na biyu 21, kuma dole mutum ya gane wanda ya dace da kallo ɗaya. Yaron da ya zauna ya haddace wannan ba bulala, ba wanda ya sa shi, a ce masa malalaci?

Amma haddar ma ba ita ce gindin abin ba, kuma nan ne samarin su kansu su ke ɓata. Da yawa suna tsammani saurin a yatsu ya ke, sai su yi ta fizgar abin kamar mai fige kaza, su tsaya cak suna neman ƙwaya, su sake fizga. Lokacin da ya ke salwanta, a tsayawar nan ya ke salwanta. Gwanaye suna horon mai koyo ya rage gudun hannu da gangan, ya riƙa juyawa sannu ba tsayawa, hannu na aikin ƙwayar yanzu, ido ya riga ya tafi neman ta gaba. Wannan shi ne horo mai wuya, domin zuciya ba ta son a ce mata yi a hankali alhali agogo na tafiya. Kuma wanda ya dame ubansa a saya masa mai tsada, irin mai maganaɗisu a ciki, shi kuwa bai sauko daga minti ɗaya ba, ban goyi bayansa ba. Mai araha da ba ya cijewa ya ishe shi.

Ga shaidar abin da naci ya yi. An yi gasar duniya ta farko a Budapest cikin 1982, wani saurayi daga Amurka, Minh Thai, ya ci da sakan 22.95, mutane suka yi ta mamaki. Cikin 2023 wani ɗan Amurka kuma, Max Park, ya gama cikin sakan 3.13. Ɗan Adam bai sake halitta tsakanin shekarun nan ba. An dai gyara ƙirar akwatin, kuma kowane gwani ya koya wa na bayansa abin da ya gano, ba ɓoyo. Har cikin 2010 masana suka tabbatar da kwamfuta cewa duk yadda aka cakuɗa shi, juyi 20 ya isa a warware. Masu sauri kuwa sukan yi hamsin ko sittin, gama tsayawa neman gajeriyar hanya ya fi cin lokaci bisa bin doguwa wadda aka sani.

Na yarda da masu suka a kan abu ɗaya: yakan ci lokaci. Yaron da ya bar aikin makaranta ko aiken uwarsa saboda shi, a tsawata masa, kamar yadda za a tsawata wa wanda ƙwallo ya ɗauke wa hankali. Amma a yanka masa lokaci, kada a fasa abin a jefa a bola. In kuwa uba yana so ya san ko ɗansa da gaske ya ke, ya gwada shi yadda a ke yi a gasa. Ƙungiyar duniya mai kula da wasan, wadda aka kafa cikin 2004, ta ba mai gasa sakan 15 ya duba kafin ya fara. Yakan warware sau biyar, a zubar da mafi sauri da mafi jinkiri, a ɗauki matsakaicin ukun da suka rage. Uban ya cakuɗa da hannunsa, ya riƙe agogo, ya rubuta a takarda, bayan wata guda ya sake gwadawa ya kwatanta.