Hawan Jini Ba Ya Sallama

Sau nawa aka ji an ce wane ya yanke jiki ya faɗi a bakin rumfarsa, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace? Nan take sai 'yan unguwa su yanke hukunci, wasu su ce iska ce ta buge shi, wasu su ce hannun maƙiya ne, masu sauƙin ciki kuma su ce tunani ne ya yi masa yawa. Da ƙyar za a sami wanda zai tambaya yaushe rabon wannan bawan Allah da a auna jininsa. Su kuwa matasa, da an ambaci hawan jini sai su kau da kai, wai ciwon attajirai masu tumbi ne.

Ya kamata ɗan'uwa mai karatu ya fara sanin irin aikin da ke gudana a ƙirjinsa. Zuciyar baligi na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda idan yana zaune, wato kusan sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jini kimanin lita 5 kowane minti. Idan ya shiga filin ƙwallo tana iya ninka wannan sau huɗu ko biyar. Tun a ƙarni na 13 Ibnun Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya kuma rasu a 1288, ya bayyana cewa jini na bi ta huhu ne daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu, kafin William Harvey na Ingila ya fayyace zagayen jinin gaba ɗaya a 1628.

To amma fa hawan jini ba yawan jini ba ne kamar yadda wasu ke zato. Ƙarfin da jini ke dannar bangon jijiya ne, kuma abu biyu ke haifar da shi: yawan abin da zuciya ta turo, da kuma ƙuncin hanyar da zai bi. Duk wanda ya ga mai wankin mota ya matse tiyo ya ga misalin. Ƙananan jijiyoyin jini suna da nama a bangonsu mai tsukewa da saki, kuma a lissafi idan faɗin jijiya ya ragu da rabi, wahalar wucewar jini ba ninki biyu take yi ba, ninki 16 take yi. Ashe 'yar tsukewa kaɗan ta isa ta sa zuciya aikin dako.

Shin wa ke kula da wannan ma'auni? Akwai wasu 'yan gadi a manyan jijiyoyin wuya biyu da kuma babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, aikinsu jin yadda bango ke miƙewa su kai rahoto gindin ƙwaƙwalwa. Mutum ya miƙe zumbur daga tabarma, jini ya gangara ƙafafu, cikin 'yan daƙiƙoƙi umarni ya zo: zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke. Jirin nan da ake ji na ɗan lokaci, ratar da ke tsakanin miƙewa da isowar umarnin ce. Shi ya sa ma wanda ya daɗe tsaye a rana ba motsi yake iya faɗuwa, domin naman sha-raɓa ne ke matso jini sama idan ana tafiya. Maganinsa a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, ba a tallafe shi a tsaye ba.

Wannan na gaggawa ke nan. Na dogon zango kuwa yana hannun ƙoda. Idan ta ji ƙarfin jini ya ragu sai ta saki wani sinadari mai suna renin, wanda ke jawo tsukewar jijiyoyi da riƙe gishiri a jiki, ruwa kuma duk inda gishiri ya tsaya nan yake tsayawa.

A nan ne hatsarin yake, kuma a nan ya dace ɗan'uwa ya natsu. Waɗannan 'yan gadi na wuya suna sabawa. Idan jini ya hau ya zauna a sama kwana da kwanaki, sai su ɗauki wannan matsayi a matsayin daidai, su daina kai ƙara, har ma su riƙa kare shi. Mutum na cin tuwonsa, yana hawa babur ɗinsa, ba ciwon kai ba komai, alhali naman zuciya na kauri, ƙoda na lalacewa, jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ido na gajiya. Wallahi cewar "ai lafiyata lau nake ji" ba hujja ba ce ko kaɗan. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kusan mutum 1 cikin kowane baligai 3 a duniya na da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba.

Gaskiya ne shekaru da gado suna da nasu kaso, kuma damuwa na iya ɗaga jini. Amma ɗora wa tunani laifin duka wata dabara ce ta wanke cokali. Hukumar ta ce kada gishirin baligi ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Sai matashi ya lissafa nasa: taliyar leda a teburin mai shayi da dukkan sinadarinta, yajin tsire, dunƙule biyu ko uku a tukunyar miya, ga kanwa wadda ita ma 'yar gidan gishiri ce a wajen ƙoda. Sigari kuma, banda sauran ɓarnarta, tana tsuke jijiya tana gurje bangonta.

Awon kansa ba ya cin minti biyar, kuma yanzu ana samun na'urar a ƙananan asibitoci da kemis-kemis da yawa. A zauna a huta tukuna, a jingina baya, a ɗora hannu a kan tebur daidai da ƙirji. Lamba biyu za ta fito: ta sama lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa lokacin da ta saki. Wajen 120 bisa 80 shi ne madalla. Idan ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku daban-daban, sai ganin likita, ba sayen ƙwaya a tire ba.

Saura batun iyaye, wanda nauyinsa a wuyan matasa yake, tunda su ake aike kemis. Da yawan dattawa da sun ji sauƙi sai su ajiye magani, su ce sun warke. Ba su warke ba, maganin ne ke riƙe da jinin, kuma da an daina yake komawa inda ya fito. Ɗan da ya san haka ba zai jira Baba ya ce kansa na sarawa ba kafin ya leƙa kwalbar ya ƙirga saura ƙwaya nawa.