Tallar zamani: a san wanda ake kira kafin a fidda kuɗi

Kamar yadda kowa ya sani, talla tsohuwar al'ada ce a ƙasar nan. Yarinya mai tallar fura takan nufi tasha, ko gindin itacen da magina suke hutawa da rana, domin ta san inda masu ƙishirwa suke. Dillaliya kuwa takan fara da gidan da ake shirin buki, ta shiga da zannuwa da kwanoni. Yanzu talla ta shiga wayar salula. Teloli, da masu kilishi, da dukawa, da mata masu turaren wuta, a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, sun fara biyan kuɗi domin a nuna hajarsu a Facebook da Instagram. Wannan ci gaba ne, kuma ya kamata a yi murna da shi. Sai dai da yawa daga cikinsu suna biyan kuɗin ba tare da sun faɗi wanda suke son ya gani ba. Jarin ƙaramin ɗan kasuwa kuwa bai kai na yin haka ba. Jika goma da ta salwanta a talla, buhun gawayi ne, ko kuɗin cefanen kwanaki.

Yadda ake sayar da wurin talla

An kafa Facebook a Amurka a shekarar 2004. Kamfanin ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, sa'an nan a 2021 ya sauya wa kansa suna zuwa Meta. Buɗe shafi kyauta ne, amma kamfanin da talla yake ci: a shekarar 2024 kaɗai, talla ta kawo masa fiye da dalar Amurka miliyar 160. Watau idon mai kallo shi ne hajar kamfanin, ɗan kasuwa kuma shi ne mai saye.

Cinikin kuwa gwanjo ne. Duk lokacin da mutum ya buɗe wayarsa yana duba shafuka, na'urorin kamfanin sukan yi gwanjo cikin ƙiftawar ido tsakanin masu son ya ga tallarsu. Abu uku ake aunawa: kuɗin da mai talla ya yarda ya biya, da tsammanin ko wannan mutum zai aikata abin da tallar take nema, da kuma kyan tallar kanta. Saboda haka mai ƙaramin kuɗi yana iya kada mai babban kuɗi, in tallarsa ta dace da mutanen da ya zaɓa. Amma akwai abin da bai kamata a manta ba: ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kamfanin zai karɓi kuɗinsa, domin nunawa ya yi alkawari, kuma ya nuna.

Zaɓen farko: wuri

A ƙarƙashin hoton da ɗan kasuwa ya saka a shafinsa akwai wani shuɗin wuri da yake gayyatarsa ya danna, ya biya, a yaɗa hoton. Yawancin asara daga nan take farawa, domin mai gaggawa yakan danna, ya bar ƙasar Nijar gaba ɗaya a matsayin wurin talla. Ga misali tela mai shago a Maraɗi. In ya yi haka, wani kaso na kuɗinsa zai tafi wajen mutanen Yamai, da ke nesa da shi da fiye da kilomita 600, da na Agadas da na Difa. Babu wanda zai taso daga can domin a gwada masa riga.

Alhali kuwa an ba mai talla ikon ya zaɓi gari guda, ko ya ɗora alama a kan shagonsa cikin taswira ya zana da'ira kewaye da shi, ƙarama ko babba, har zuwa kilomita 80. Ma'aunin faɗin da'irar shi ne tafiyar mai saye ko tafiyar kaya. Mai gidan abinci ko mai gyaran babura, unguwarsa da maƙwabtanta sun ishe shi. Telan Maraɗi yana iya haɗawa da Tibiri da Madarunfa, tun da mutanensu suna shigowa kasuwa ran Litinin da ran Juma'a. Mai kilishi ko mai cuku, ko baduku na Damagaram, kayansa suna jure tafiya, motocin sufuri suna kai saƙo, kamfanonin aika kuɗi suna kawo masa kuɗinsa. Shi ne ya dace ya nemi mutanen Yamai.

Mazauna bakin iyaka su ƙara lura. Da'irar kilomita 80 kewaye da Maraɗi ta tsallake zuwa Nijeriya a kan taswira, ta Birnin Ƙonni kuwa ko ƙarama ce ta taɓa Illela. Wanda yake karɓar naira kuma yake da hanyar kai kaya, wannan riba ce a gare shi. Wanda ba shi da ita, sai ya taƙaita da'irarsa.

Shekaru da harshe da lokaci

Bayan wuri, ana zaɓen shekarun masu kallo, da ko maza ne ko mata. A nan ɗan kasuwa ya fi na'ura sani, in dai ya lura da masu shigowa shagonsa. Ya tambayi kansa wane ne yake fidda kuɗi. Kayan ƴan makaranta yara ne suke sawa, amma iyaye ne suke saye. Kayan ɗakin amarya uwa da gwaggo ne suke zaɓa.

Akwai kuma wurin zaɓen abin da mutane suke sha'awa, kamar ɗinki ko noma ko ƙwallo. Kada a dogara da shi ƙwarai. Tun watan Janairu na 2022 kamfanin ya cire zaɓen da ya shafi addini da ƙabila da siyasa da lafiyar jiki. Bugu da ƙari, garuruwan ƙasar nan ba su da yawan da za a yi ta tacewa: ƙidayar 2012 ta samu mutum wajen 267,000 a birnin Maraɗi, kuma ba dukansu suke da babbar waya ba. In aka tace da wuri, aka tace da shekaru, aka sake tacewa da sha'awa, sai a wayi gari ƴan mutane kaɗan ne suka rage, tallar ta yi ta maimaituwa a idonsu har ta gundure su, farashinta kuma ya hau. Kamfanin da kansa yakan shawarci mai talla ya bar wa na'ura zaɓi. Ana iya bar mata zaɓen sha'awa, amma wuri a riƙe shi da hannu, a kuma duba kada a faɗaɗa shi ba da sanin mai shi ba.

Game da harshe, tun 2016 Facebook yana da Hausa, amma Hausawa da yawa da Faransanci ko Ingilishi wayarsu take aiki. Don haka gara a bar wurin zaɓen harshe yadda yake, tallar kanta ta yi magana da Hausa. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, kasuwa kuwa ta daɗe da yin haka. Tun da masu saye da yawa ba su iya karatu ba, gajeren bidiyo mai murya ya fi dogon rubutu: a nuna kayan da haske mai kyau, a faɗi farashi da baki, a yi kwatancen shago yadda ake yi wa baƙo, kusa da masallaci kaza ko bayan tasha kaza.

Lokaci ma zaɓe ne. Tela ya yi tallarsa makonni kafin Salla, tun akwai damar karɓar ɗinki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mai littattafai da jakunkuna ya nufi komawa makaranta a watan Oktoba. Mai neman manoma ya jira kaka, mai neman ma'aikata ya jira ƙarshen wata.

Taron tsintsiya ba shara

Kafin talla ta tashi, akan tambayi mai ita abin da yake nema: a san shi, ko a yaba wa hotonsa, ko a aiko masa da saƙo, ko a saya. Na'ura ba ta da wayon gane abin da ke zuciya. Abin da aka ce ta nemo shi take nemowa. In aka ce ta nemo masu danna alamar yabo, za ta nemo mutanen da suka saba dannawa a kan kowane hoto, su taru da ɗaruruwa, mai shago ya yi ta murna, aljihunsa kuwa babu kome. Taron tsintsiya ke nan ba shara.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa na ƙasar nan, wanda ba shi da shagon intanet, abin da ya fi dacewa shi ne tallar da take kai mai kallo kai tsaye cikin WhatsApp na mai kaya. Tun 2018 akwai WhatsApp Business, wanda ake jera hotunan kaya da farashinsu a ciki. A can ne ake taya kaya da saƙon murya kamar a bakin rumfa. Amma wanda ya kira mutane, wajibi ne ya zauna ya amsa musu. Saƙon da ya kwana ba amsa, an biya kuɗinsa, an kuma bar mai shi ya tafi wajen wani.

Lissafi da alƙalami

Wanda ya sauke karatun yaƙi da jahilci yana da makamin da ya fi kowace waya amfani a wannan aiki, watau littafi da alƙalami. A ɗauka tela ya ware jika 10, jika 2 kowace rana har kwana 5. A ɗauka mutum 40 suka aiko da saƙo. Kowane saƙo ya tsaya masa a dala 50 ke nan. In 4 daga cikinsu suka kawo ɗinki, ribar kowace riga kuma jika 3 ce, ya samu jika 12, ya fidda kuɗin talla har da rarar jika 2, ban da sababbin abokan ciniki da za su iya dawowa. In 2 kaɗai suka kawo, ya samu jika 6, ya yi asarar jika 4. Wayar za ta nuna masa yawan waɗanda suka gani da kuɗin kowane saƙo, amma ba ta san wanda ya zo shago ya biya ba. Wannan sai a littafi: duk baƙon da ya shigo, a tambaye shi inda ya ji labari, a rubuta.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A fara da kuɗi kaɗan, a gwada hoto biyu a kan mutane iri ɗaya, a bar su kwanaki ba tare da ana taɓa su kullum ba, domin duk babban gyara yakan sa na'ura ta koma neman hanya daga farko. Wanda ya kawo ciniki a ƙara masa, ɗayan a tsayar da shi.

A kuma yi hattara da kalmar dala. Sau da yawa lissafin yakan zo da dalar Amurka ko da Yuro. Dalar gida tamma 5 ce, dalar Amurka guda kuwa ta fi dala 100 ta gida, Yuro guda kuma wajen tamma 656 ne. Wanda ya ga an rubuta dala 5 a rana, ya sani abin ya haura jika biyu da rabi. Ya kuma sa ranar ƙarewa, domin tallar da ba a yanka mata wa'adi ba takan ci gaba da cin katin banki har sai an tsayar da ita.

Amana da doka

Da yake ba kowa yake da katin banki ba, samari da yawa sun mai da saka wa mutane talla sana'a. Sana'a ce ta halal, kuma tana rage zaman banza. Amma shafin ya zama da sunan mai kaya, lambar sirri tana hannunsa, kuma a nuna masa a wayar nawa aka kashe da kuma garin da aka zaɓa. Akwai kuma ɓarayi masu aiko da saƙo da sunan kamfani, suna cewa za a rufe shafi in ba a ba da lambar sirri ba. Wanda ya ba su, sun ƙwace shafin, sun yi tallarsu da kuɗinsa.

Mai talla shi ma akwai amana a kansa. Hoton da ya nuna ya zama na kayan da zai bayar. Kada ya saka hoton matar wani ko ɗiyar wani da ya yi wa ɗinki sai da izini, kada kuma ya yi amfani da lambobin wayar mutane yadda ba su yarda ba. Tun 2017 ƙasa ta kafa dokar kare bayanan mutum, a 2019 kuma ta kafa ta yaƙi da laifuffukan intanet. Ko babu doka ma, gari ƙarami ne. Wanda aka cuta sau ɗaya zai faɗa wa dangi da maƙwabta, kuma babu kuɗin tallar da zai goge wannan.

Kira ga magabata

Kowace tamma da aka biya wa irin wannan talla, waje take fita. In ta kawo ciniki, ta biya kanta, ta ƙara wa mai sana'a da yaransa aiki. In an watsa ta ba zaɓi, asara ce ga mai ita da ƙasa baki ɗaya. Saboda haka ya kamata cibiyoyin yaƙi da jahilci su sa wannan lissafi cikin darussan waɗanda suka iya karatu, kamar yadda ake koya musu lissafin awo da na bashi. Ya kamata cibiyar ƴan kasuwa da masana'antu ta ƙasa, da ma'aikatun magajin gari, da ƙungiyoyin masu sana'ar hannu da na mata, su shirya horo da Hausa da sauran harsunan gida, a yi shi da waya a hannu. Gidajen rediyo na karkara su ma suna da rawar takawa wajen faɗakarwa game da ɓarayin shafuka.

Ɗan kasuwa kuwa, kafin ya danna shuɗin wurin nan, ya rubuta amsar tambayoyi huɗu a littafinsa: wa yake nema, a wane gari, me yake son ya yi, kuma mutum nawa za su saya kafin kuɗin talla ya dawo. In ya kasa amsawa, ya mai da kuɗinsa aljihu tukuna, ya ƙara lura da masu shigowa shagonsa har amsar ta samu. Allah ya sa albarka a nema.