Kalma ba ta manta asalinta

Suwidin ta raba coci da gwamnati a shekarar 2000, kuma ƙalilan ne daga mutanenta ke zuwa ibada. Amma sunan Alhamis a harshensu, torsdag, na gunki Thor ne, miyar waken da suke sha ranar kuwa ana danganta ta da shirin azumin Juma'a na zamanin Katolika. Ibada ta ja baya, harshe da tukunya sun riƙe tarihinta.

Haka Hausa take. Direban tashar Takieta mai cewa "sai bayan la'asar" da salla yake auna lokaci. Tunda Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa a 2025, wajibi ne masu ƙirƙirar sababbin kalmomi su guji korar aron Larabci da sunan tsarkake harshe. Wanda ya kori Litinin da la'asar ya shafe tarihin Damagaram.